Hoton Gida Shi Ke Cin Kyauta

A shekara ta 2007, a birnin Benis na ƙasar Italiya, aka ba Malik Sidibe, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Mali, babbar kyautar Zakin Zinariya. Da me ya ci ta? Da hotunan samari da ƴan matan Bamako, inda yake zaune a lokacin.

Wannan darasi ne ga ƴan lise na Tasawa da Mayahi masu ɗaukar hoto da salula. Ga Gulbin Kaba a ƙofar gidansu: goriba, masu yankan kaba, mata masu saƙar tabarma. Sara da noma suna rage kurmin goribar. Hoton da ɗalibi ya ɗauka yau shi ne shaidar da jikoki za su duba gobe, domin gani ya kori ji.