Yadda Mai Turanci Ya Ke Faɗin Abin Da Ya Fi So

'Yan'uwana masu shirin zama malamai, ga wani abu da ya faru a kan idona, wanda na ga ya kamata in ba ku labarinsa.

Kwanan baya na je Dei-Dei, a kan hanyar Kubwa zuwa Zuba, inda babbar kasuwar kayan gini ta ke. Tun da aka mai da babban birnin ƙasarmu daga Ikko zuwa Abuja a 1991 kabilu iri iri su ke haɗuwa a wuraren nan, saboda haka ciniki da yawa da Turanci a ke yi. Na zauna a shagon wani ɗan'uwana, inda wani yaro da na taɓa koyarwa ya ke taimakonsa.

Sai ga wata mace ta zo neman farin fenti bokiti 6. Fari ya ƙare, yaro ya nuna mata mai ruwan ƙasa. Ta yi murmushi ta ce, "I'd rather not." Shi kuwa "No" kaɗai ya sani ta ƙi, ga kuma murmushi, sai ya kira mai baro aka ɗora kaya. Matar ta ji haushi ta tafi wani shago, maigida ya biya mai baro a banza. Kunya ta rufe ni, domin ni na koya masa Turanci.

To, ga inda gizo ke saƙa. Mu Hausawa "na fi so" ta ishe mu kusan ko'ina, amma mai Turanci hanyoyinsa da dama.

In abin da ya fi so kullum ya ke nufi, sai ya ce, "I prefer rice to yam," watau ya fi son shinkafa da doya. Ku lura, "to" ce abokiyar "prefer". Yaranmu su kan ce "prefer than", domin suna tuna "fiye da" tamu. Wannan kuskure ne.

In zaɓin yanzu ne, sai ya ce, "I would rather walk than ride," watau gara ya taka da ya hau. A nan ne "than" ta ke da mazauni, kuma ba a sa "to" gaban aikatau. Wajen magana su kan haɗiye "would", ta koma "I'd", har kunnen da bai saba ba ya kasa kama ta.

In neman abu ya ke yi, "I'd like" ta fi ladabi. "I want" ga babba ko baƙo ta kan yi kaushi, kamar yaro ya ce wa dattijo "ba ni". In kuwa duk ɗaya ne gare shi, sai ya ce, "I don't mind."

Saura maganar matar nan. "I'd rather not" ƙi ne, amma an lulluɓe shi da ladabi. Mu ma muna da irinta. In ka yi tayi mai kaya ya ce "albarka", ai ba addu'a ya yi maka ba, bai sallama ba ke nan. Baƙon da bai san wannan ba sai ya ɗauki kaya ya miƙa kuɗi, a yi ta rigima.

Shawarata ita ce, kada mu tsaya ga rubutu a allo. Ka shiga aji da mangwaro da lemo, ka sa yara biyu biyu, wannan ya miƙa, wancan ya zaɓa ko ya ƙi cikin ladabi, har bakinsu da kunnensu su saba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Na yi sakaci da yaro guda, na kuwa ga sakamakonsa. Allah ya sa ku fi ni dacewa, amin.