Karen Mafarauci Da Cutar Da Allura Ba Ta Ji: Ina Matsayin Gwaji A Ƙasar Daura?

Duk wanda ya san ƙauyukan masarautar Daura, daga Zango da Baure har Sandamu da Mai'aduwa, ya san cewa da zarar an kawar da amfanin gona mafarauta kan shiga daji da karnukansu. A wurin mafarauci kare jari ne, a wurin makiyayi kuwa shi ne mai gadin garke. To amma idan ya fara ramewa, ya ƙi abinci, ga tari da zazzaɓi da kumburin kaluluwa, me ake yi masa? Galibi sai a sayo allura a kasuwa, a haɗa da maganin tsutsa. In bai tashi ba, a ce kwana ne ya ƙare.

Sau da yawa laifin kaska ne ko tsutsar ciki, babu musu. Sai dai akwai rukunin cututtukan da ba a cika sa su a lissafi ba, wato na funfunar da ke shiga cikin jiki. Makero da muka sani a fata yake tsayawa. Waɗannan kuwa da ƙura ake shaƙarsu, su zauna a huhu, su bi jini zuwa hanta da saifa da hanji, wani lokaci har ido da ƙwaƙwalwa. Histoplasma, wadda Samuel Darling ya bayyana cutarta daga Fanama a 1906, tana son ƙasar da kashin jemage ko na kaji ya taru. A 1994 masana suka ba da rahoton samun nau'inta na Afirka a kogon jemagu da ke Ogbunike, Jihar Anambra. Cryptococcus ita kuma kashin tattabaru take bi. Mai karatu ya tuna yawan akurki da ɗakunan tattabaru da tsofaffin soraye a garuruwanmu, da yadda kare ke cusa hanci a kowane rami.

Ido kaɗai ba ya rarrabe waɗannan cututtuka, ko da na ƙwararren likita ne. Dole sai an gwada. Abin mamaki, gwaji mafi sauri ba shi da tsada: a soka siririyar allura a kaluluwar da ta kumbura, ko a lakato ruwan gyambo, a shafa a gilashi, a rina da Giemsa, rinin da ake duba zazzaɓin cizon sauro da shi, sannan a leƙa a madubin likita. Histoplasma kan fito ƙanana birjik a cikin fararen ƙwayoyin jini, Cryptococcus kuwa da kaurin kwanso kewaye da ita. Rashin ganinsu a gilashi ɗaya bai wanke kare ba. Nan ne ake neman burbushin funfunar a fitsari ko a jini, ko a shuka samfurin a jira ya tsiro. Shukar tana iya cin makonni, kuma tana da haɗari ga ma'aikacin da zai buɗe ta, don haka sai manyan ɗakunan gwaji.

Me ya sa za a sha wannan wahala saboda kare? Na farko, maganin bakteriya ba ya taɓa funfuna, allurar dexamethasone da ake yawan dirka wa dabba kuma raunana garkuwar jiki take yi, cutar ta ƙara yaɗuwa. Maganin da ya dace, kamar itraconazole, watanni ake yi ana ba da shi, ba a fara shi bisa zato. Na biyu, kare ba ya shafa wa mutum waɗannan cututtuka, amma ƙurar da ya shaƙa ita ubangidansa da 'ya'yansa ke shaƙa. A mutum, histoplasma takan yi kama da tarin fuka har a yi ta shan maganin da bai dace ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka su duka biyun cikin jerin funfuna 19 mafiya haɗari ga ɗan Adam.

Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ga kuma cibiyar bincike ta Vom da aka kafa tun 1924. Mafarauci ba zai ɗauki kare zuwa can ba, amma gilashin da aka shafa ya bushe yana shiga ambulan. Abin da ake nema daga Gwamnatin Jihar Katsina da ƙananan hukumomi biyar na masarautar shi ne madubi da rini a ofisoshin dabbobi, da horar da ma'aikata ɗaukar samfuri, da tsayayyar hanyar aika shi Zariya.