Barin Tsohuwar Sana'a Zuwa Zane Mai Motsi: Nazari Daga Sabha

Tun zamanin da ayarin fatake ke tashi daga Kano da turkuɗi da jima, su bi ta Agadas da Gat su sauka Murzuk, ƙasar Fezzan ba ta taɓa rabuwa da Hausawa ba, kuma har wa yau wanda ya shiga Sabha zai tarar da su a wuraren gini da gonaki da shagunan ɗinki, galibinsu mutanen Nijar da arewacin Nijeriya da suka biyo hanyar Dirku da Gatrun neman halal. Magidanci daga cikinsu, wanda ya ba shekara talatin baya, idan ya ga zane mai motsi na Hausa a wayarsa ya ji zuciyarsa ta raya masa ya bar aikin ƙarfi ya koma wannan fanni, ya cancanci a auna masa sababi da musabbabi da adalci, ba a yi masa dariya ba.

Babban sababi shi ne rashin tabbas. Tun daga faɗuwar Gaddafi a 2011 birnin Sabha ya sha fama da faɗan ƙabilu, musamman tsakanin Aulad Sulaiman da Tubawa a 2012 da 2014, sa'an nan a 2017 hukumar ƙaura ta duniya ta ba da labarin ana sayar da baƙin haure a Sabha, lamarin da ya girgiza duk mai imani. Mutumin da ya san cewa ana iya ƙwace masa ladan wata guda a shinge ɗaya, kuma ya san ƙarfin jiki ba ya dawwama, dole ne ya yi kwaɗayin sana'ar da ke zaune a ƙwaƙwalwarsa, wadda zai koma gida da ita ba tare da wani ya karɓe ta a hanya ba. Sababi na biyu kuwa sauƙin kayan aiki ne, domin manhajar Blender, wadda Ton Roosendaal na ƙasar Holan ya assasa, ta zama kyauta ga kowa tun 2002, darussanta kuma suna nan birjik a intanet, alhali a dā sai manyan kamfanoni irin wanda ya fitar da Toy Story a 1995 ke da ikon irin wannan aiki.

Zane mai motsi kuwa ba bidi'a ba ne a wajenmu. Marigayi Mustafa Alhassan na Nijar, wanda ya rasu a 2015, makaniki ne tun farko, kafin ya haɗu da mai shirya fim Jean Rouch a Yamai, ya tafi Kanada ya ƙaro ilmi wajen gwanin zane mai motsi Norman McLaren, ya dawo ya yi fim ɗin Bon Voyage Sim a 1966, inda ya sa kwaɗi suka yi wasan shugabanni. Daga baya ya zauna a Tawa yana aikinsa. Abin lura a tarihinsa shi ne hannun da ya saba da kwance inji da ɗaurawa shi ne ya taimake shi wajen sarrafa kayan ɗaukar hoto, wato bai zubar da tsohuwar sana'arsa ba, a kanta ya yi gini.

Amma wajibi ne a faɗi nauyin abin ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Daƙiƙa ɗaya ta fim tana cin hoto 24, minti ɗaya ke nan 1,440, kuma ko da yake kwamfuta tana cike tsakanin motsi da motsi, sai mai aiki ya gina surar, ya sa mata gaɓoɓi, ya daidaita haske da murya, sa'an nan ya bar na'ura ta yi sa'o'i tana fitar da hoton. To, a garin da wutar lantarki ke ɗaukewa tsawon yini a tsakiyar zafin Sahara, wannan mataki na ƙarshe kaɗai ya isa ya karya himma. Ga kuma iyali can gida suna jiran aike kowane wata, wanda hakki ne da Shari'a ta ɗora masa, ba ya faɗuwa don yana neman ilmi. Baƙon da ba shi da takardun zama kuwa, buɗe asusun banki da karɓar kuɗi daga waje yana yi masa wuya ƙwarai. Bugu da ƙari, manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun fara cinye ƙananan ayyukan da ɗan koyo ke fara cin abinci da su.

Akwai kuma mas'alar hukuncin zana mai rai, wadda malamai suka yi saɓani a kanta, wasu suka tsananta, wasu suka sassauta ga abin da ba shi da inuwa, musamman idan maslahar tarbiyyar yara ce. Mai taƙawa ya tambayi malaminsa tun kafin ya kashe dukiyarsa, domin shakka a tsakiyar aiki ta fi rashin wuta illa.

Inda na ga fa'ida ta haƙiƙa shi ne a harshe. Nijeriya ta fitar da Lady Buckit and the Motley Mopsters a 2020, kuma Disney ta nuna Iwájú a 2024, amma duka biyun ba da Hausa aka yi su ba, alhali miliyoyin 'ya'yanmu suna kallon zanen da aka yi da Larabci ko Turanci ko Indiyanci, tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi kuma suna jiran mai raya su. Wanda ya ƙetare hamadar Tenere da kansa yana ɗauke da labarin da babu wani ɗakin zane a Legas da zai iya ƙago shi.

Saboda haka, ɗan'uwa mazaunin Sabha, kada ka saki keken ɗinkinka ko cebur ɗinka tukuna. Ka ware sa'o'in dare ka koya, ka fara da gajeren talla ko darasin yara na minti ɗaya da Hausa, kuma kada ka bar tsohuwar sana'a sai ranar da sabuwar ta iya ɗaukar nauyin aiken da kake yi wa gida.