Kamshaf: Ƙarfen da Ke Yanke wa Inji Hali

Wanda ya bi titin Zariya da rani, daga Kura zuwa Kwanar Gafan, ya san tsofaffin Fijo 504 akori-kura maƙare da kwandunan tumatir. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara aiki a 1975, kuma a shekarar ce 504 ta lashe tseren Safari a Kenya. Dangin inji ɗaya ne, amma na tsere an sauya masa abubuwa, kuma wanda ya fi canja masa hali shi ne kamshaf.

Sandar ƙarfe ce mai ƙullutai. Duk juyi biyu na karanshaf, ita tana yin ɗaya, kowane ƙulli yana tura bawul ya buɗe, iska da fetur su shiga ko hayaƙi ya fita. Mai zaɓen kamshaf yana duba zurfin buɗewar bawul, da tsawon lokacin da yake a buɗe, wanda ake aunawa da digiri. Kamshaf ɗin gida bai cika wuce 260 ba, na tsere kan kai 300.

To me ya hana kowa sa babban kamshaf irin na tsere? A nan ake yin asara. Idan bawul ɗin shiga ya daɗe a buɗe, fistan ya riga ya fara hawa bawul bai rufe ba. A juyi mai sauri ba komai, ƙarfin tahowar iskar yana ci gaba da cusa ta cikin silinda, inji ya ƙoshi. A ƙaramin juyi kuwa sai fistan ya mayar da ita waje, ga bawul ɗin shiga da na hayaƙi suna haɗuwa a buɗe. Sai ka ji inji yana tari a tsaye, kafireta ta ƙi saituwa. Ɗora masa kwando talatin ka nufi hanyar gona mai yashi, kuloci ne zai biya kuɗin.

Injin ban-ruwa da ke bakin magudanan Kadawa da Bunkure, masu kawo ruwan Tiga, samfurin Honda GX160 da 'yan China masu kwaikwayonsa, ƙaramin kamshaf gare shi don aikinsa bai wuce juyi 3,600 a minti ba. A Amurka irinsa ake tsere da shi a ƙananan motocin kart, bayan an cire gwamna mai ƙayyade juyin inji an sa kamshaf mai tsayin ƙulli.

Shi ya sa gogaggen makaniki kan fara da tambaya: “Alhaji, a wane juyi motar za ta wuni?” Bayan nan sai matsin silinda, don babban kamshaf na rage shi, a aske kan inji a mayar. Sifirin ɗin bawul ma sai an ƙara musu ƙarfi, a kuma auna kada bawul ya daki fistan. Tsohon inji mai tafet shafaffe yana son baƙin mai mai sinadarin zinki, sabon kamshaf kuma a bar shi yana juyi wajen 2,000 na minti 20 a tashin farko, in ba haka ba ƙullutan su cinye.