Shin Ko Kun San? Haƙƙin Karen Mota Da Ɗan Lodi

Shin ko kun san cewa ba sai mota tana gudu take raunata masu aiki da ita ba? Tifar yashi tana tsaye a gangare, yaron mota ya shiga ƙarƙashi babu waigi a taya, jak ya zame. Ɗan lodi kuma ya sulluɓo daga saman buhunan masara a kasuwar Dutsin-Ma, ƙugu ya tafi.

Ko kun san dokar hanya ta ƙayyade wa tirela da tanka gudun kilomita 45 a awa cikin gari, 50 a babbar hanya? Hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta ratsa Kurfi, mutanen bakin titin su ne shaidar ko ana bi.

Ga wadda ta fi damuna. Tun shekarar 2010 Nijeriya ke da dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, hukumar NSITF ce ke gudanar da ita. Ubangida ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin yaransa, ba a cire ko kwabo daga kuɗin yaro. Dokar ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki kawai, da mai aikin yini, da mai koyon sana'a. Ke nan karen mota yana ciki. Amma sau tari abin da yake samu shi ne “Allah ya kiyaye gaba” da kuɗin mai ɗori. Ƙaddara gaskiya ce, sai dai ba ta goge haƙƙi.

Akwai wa'adi: wanda ya ji rauni ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, neman diyya kuma cikin shekara guda.

Ko kun san dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar agajin gaggawa? Lambar jami'an kiyaye haɗurra ta FRSC kuwa 122 ce, kiran kyauta ne.

In ana zaton kashin baya ko wuya ya taɓu, kada a zaunar da mutum, kada a naɗe shi a bayan babur. In dole ne a ɗauke shi, a kwantar da shi miƙe a kan faffaɗan katako.

Shugabannin tasha na Kurfi da Dutsin-Ma, don Allah ku tambayi masu motocinku ko sun yi wa yaransu rajista da hukumar NSITF.