Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Masu Farfaɗo Da Tsofaffin Na'urorin Wasa Na Hannu

A ranar 21 ga watan Afrilu na shekarar 1989 wani kamfani na birnin Kyoto a ƙasar Japan, mai suna Nintendo, ya fito da wata 'yar na'urar wasa wadda ake riƙewa a tafin hannu, ya raɗa mata suna Game Boy. Kamfanin ya daina ƙera ta tun 2003. Amma har yanzu akwai dubban mutane a Japan da Amurka da ƙasashen Turai waɗanda suka mai da gyaran wannan na'ura da 'yan'uwanta abin sha'awa. Sukan sayo matacciya da araha, su kwance ta, su gano cutarta, su ta da ita. Mafi yawansu ba injiniyoyi ba ne. Akwai malamai da ma'aikatan ofis da ɗalibai a cikinsu, kuma da maraice ko ƙarshen mako suke wannan aiki.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa na'urar da ta haura shekara 30 take karɓar gyara, alhali wayar hannun da aka saya shekara uku da suka wuce takan zama shara? Amsar tana cikin yadda aka ƙera ta tun farko.

Hikimar Maƙerinta

Shugaban waɗanda suka tsara Game Boy shi ne Gunpei Yokoi, wanda tun 1980 ya fito da ƙananan na'urorin nan na Game & Watch. Ra'ayinsa shi ne kada a bi sabuwar fasaha mai tsada wadda ba a gama sanin halinta ba, gara a ɗauki tsohuwa mai araha wadda aka riga aka laƙanta, a nemo mata sabon aiki. Saboda haka ya ba Game Boy fuska marar launi, wadda ke nuna hoto da ɗigo 160 a kwance da 144 a tsaye, cikin inuwa huɗu kacal, daga mai haske zuwa mai duhu. Babu fitila a bayan gilashin, sai mutum ya nemi haske kafin ya ga abin da yake yi. Ƙananan batura huɗu sukan ishe ta sa'o'i 15 ko fiye.

Abokan gasa suka bi wata hanya. A 1990 kamfanin Sega ya fito da Game Gear mai launi da fitila, amma batura shida takan cinye cikin sa'o'i 3 zuwa 5. Da aka yi lissafi, Game Boy da ƙanwarta Game Boy Color ta 1998 an sayar da fiye da miliyan 118, ita kuwa Game Gear miliyan 10 da ɗoriya. Game da ƙwari kuma, akwai wata Game Boy da ta ƙone a barikin soja lokacin Yaƙin Tekun Fasha na 1991, robarta ta narke ta yi baƙi, amma ta ci gaba da aiki. An daɗe ana nuna ta a shagon Nintendo na birnin New York.

Wannan yawa da wannan sauƙin gini su ne jarin masu gyara. Kusoshi shida na murɗawa ne ke riƙe da bayanta. Idan aka kwance su, komai yana a sarari, kuma kayan da ke kan allon lantarkinta suna da girman da ido zai gani, hannu ya kama. A unguwar Akihabara ta birnin Tokyo da shagunan kayan gwanjo na Japan akan tara waɗanda suka lalace a kwanduna, daga nan kuma da yawa suke tafiya ƙasashen waje.

Cututtuka Da Magungunansu

Babbar cutar da aka fi gani ita ce ta batir. Yaro ya gaji da wasa, ya jefa na'ura cikin akwati da batura a ciki, shekaru suka wuce, baturan suka tsiyaye, ruwansu ya ci ƙarafan da ke ɗaukar wuta. Da yake ruwan nan ɗan'uwan kanwa ne, da abu mai tsami ake kashe kaifinsa. Mai gyara yakan jiƙa wurin da ruwan khal, ya goge da tsohon burushin haƙori, sa'an nan ya wanke da sifirit ya bar shi ya bushe. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Ta biyu ita ce layukan da kan ɓace daga sama zuwa ƙasa a kan fuska. Dalili shi ne wata siririyar leda mai ɗauke da wayoyi, wadda ke manne a ƙasan gilashin, takan saki da tsufa. Maganinta abin mamaki ne: akan kunna na'urar, a ɗauko ƙarfen narka dalma mai zafi, a riƙa shafa shi a hankali a kan ledar, har layukan su komo ɗaya bayan ɗaya. In aka yi gaggawa ko aka daɗe a wuri guda, ledar ta ƙone, to, garin neman gira an rasa ido.

Ita Game Gear ciwonta na kafasita ne, watau ƙananan gwangwanayen nan da ke tara wuta su sake ta daidai wa daida, waɗanda duk mai gyaran rediyo ya san su. Nata sukan bushe ko su zubar da ruwansu, sai sauti ya ɗauke, hoto ya dushe. Masu gyara ba sa tsayawa neman wadda ta mutu, duka suke cirewa su sa sababbi.

Akwai kuma ciwon kaset ɗin wasa. Wasu kaset suna da ɗan batir mai kama da kwabo a ciki, shi ne ke riƙe da tarihin inda mai wasa ya tsaya. Wasannin Pokémon Gold da Silver, da suka fito a Japan a 1999, suna da agogo mai tafiya dare da rana, don haka batirinsu ya fi saurin ƙarewa. Ranar da ya mutu, aikin da yaro ya yi wata da watanni yana tarawa ya tafi. Masu lura sukan kwafe wannan tarihi zuwa kwamfuta da wata na'ura kafin su sauya batirin, domin da zarar an cire shi komai ya goge.

Daga Gyara Zuwa Sauyi

Wasu ba su tsaya ga mayar da na'ura yadda take ba, sai suka shiga yi mata ƙari. Lokacin da Game Boy Advance ta fito a 2001, mutane suka yi ta ƙorafi a kan duhun fuskarta. A 2002 wani ƙaramin kamfani a Amurka, Triton Labs, ya fara sayar da wata fitila mai suna Afterburner wadda mutum zai saka da hannunsa. A 2003 Nintendo da kansa ya fito da Game Boy Advance SP mai fitila a ciki.

A yau mai sha'awa yakan ɓare takardar da ke bayan tsohon gilashi da reza ya saka fitila, ko ya cire gilashin gaba ɗaya ya sa sabo irin na wayar zamani. Yakan sa batir mai caji, ya sauya lasifika, ya sa sabuwar riga ta roba mai launin da yake so. Makaɗa ma sun sami rabonsu. Na'urar tana da muryoyi huɗu, kuma da manhajar Nanoloop ta Oliver Wittchow, mutumin Jamus, da LSDj ta Johan Kotlinski, mutumin Suwidin, an mai da ita kayan kiɗa da ake hawa dandali da shi.

A nan ne ra'ayi ya rabu. Wani ɓangare yana cewa kowace na'ura ta asali da aka yanke ko aka huda ta tafi ke nan, tun da ba a ƙera wata, kuma wata rana masu nazarin tarihi za su nemi wadda ba a taɓa ba su rasa. Ɗaya ɓangaren yana cewa an yi na'ura don a yi amfani da ita ne, wadda ke kwance a akwati ba ta amfani kowa. Da yawa sun tsaya a tsakiya: wadda ke da lafiya a bar ta yadda take, wadda gilashinta ya riga ya ruɓe a yi mata sauyi. Har wankin robar da ta yi rawaya, wanda ake yi da ruwan haidurojin irin na wanke ciwo da hasken rana, ana gardama a kansa, domin sau da yawa rawayar takan dawo bayan 'yan shekaru.

Abin Da Ya Wuce Wasa

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa. Yawancin na'urorin yanzu da gam ake liƙe su, batirinsu a binne yake, wasu kamfanoni kuma ba sa sayar da kayan gyara ga kowa. Wannan ne ya jawo fafutukar neman 'yancin gyara. Jihar New York ta kafa doka a kan haka a 2022, Tarayyar Turai ta bi baya a 2024. Sai dai dokar da jihar Kalifoniya ta yi a 2023 ta ware na'urorin wasa, ba ta shafe su ba.

Saboda haka teburin mai gyaran Game Boy hujja ce a aikace, cewa abin da aka ƙera don a iya buɗe shi yakan yi tsawon rai. Ga ɗalibi, irin wannan na'ura makaranta ce mai araha, inda zai koyi bin sawun wuta daga batir zuwa lasifika, ya koyi riƙe ƙarfen dalma, ya koyi haƙuri. Ga ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin sayo kayan ofis kuwa, ya kamata kafin ya tambayi kyan na'ura ya fara tambaya: in ta lalace, ana iya kwance ta, kuma a ina za a sami kayan gyaranta?