Ajiyar Bayanai A Gajimare: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A wata damina da ta wuce, da sassafe, shugaban wata ƙungiyar adashi da lamuni ta ma'aikata ya kira ni a waya muryarsa na rawa. Ruwan da aka kwana ana yi ya yoyo ta rufin ofishinsu, ya sauka daidai kan babbar kwamfutar da ke riƙe da lissafin 'yan ƙungiyar, wadda masu harkar ke kira saba. Da na isa, na tarar an share ruwan, an kunna fanka, amma na'urar ta ƙi tashi. Sai ya ce da ni, "Injiniya, kada ka damu, ai muna da kwafi." Na ce, "Ranka ya daɗe, ina kwafin yake?" Ya nuna mini wani ɗan faifan ajiya da ke maƙale a jikin sabar da waya, shi ma jiƙe sharkaf. Da ƙyar muka samu ya buɗe, kuma abin da muka tarar ya fi ruwan ɗaga hankali: faifan ya cika tun watanni da dama, manhajar ta daina kwafa, ba wanda ya lura. Makonni aka yi ana bin rasiɗai da takardun banki ɗaya bayan ɗaya domin a gano wanda ya zuba da wanda ake bi. Wasu 'yan ƙungiyar har yau ba su gamsu da lissafinsu ba.

Wannan ne ya sa na ga ya dace mu tattauna batun a wannan fili, domin asibitocinmu da makarantunmu da ƙananan bankuna da ma'aikatun gwamnati duk sun kama hanyar barin rajistar takarda, kuma da yawa daga cikin shugabanninsu sun ɗauka cewa da zarar an ce bayanai suna gajimare, magana ta ƙare.

Bari mu fara da fahimtar abin da ake magana a kai. A da, kowane aiki yana da na'urarsa: ɗaya ta albashi, ɗaya ta wasiƙu, ɗaya ta rajistar marasa lafiya. Yanzu kuwa akan sayi saba ɗaya mai ƙarfi, a sa mata manhaja irin su VMware ko Hyper-V ko Proxmox, ta raba ƙarfin na'urar gida-gida, kowane kaso ya riƙa aiki tamkar kwamfuta mai zaman kanta. Ita ce nake kira kwamfutar cikin kwamfuta. A haƙiƙa ba komai ba ce illa wasu manyan fayiloli da ke zaune a kan faifai. Wannan shi ne alherinta, domin ana iya kwafe ta ɗungurungum a tayar da ita a wani gari cikin ɗan lokaci. Shi ne kuma haɗarinta, domin idan uwar na'urar ta mutu, ko ɓarawo ya shige ta, duk 'ya'yan da ke cikinta sun tafi lokaci guda. A watan Fabrairun 2023 an ga haka ƙarara, lokacin da wata manhajar garkuwa da bayanai ta afka wa dubban sabobi masu amfani da VMware ESXi da ba a sabunta ba, ta kulle fayilolin kwamfutocin da ke cikinsu, masu ita suka nemi kuɗin fansa.

Gajimare kuwa suna ne kawai. Abin da ke ƙasa shi ne wani katafaren gini na wani kamfani, cike da na'urori da batura da injinan sanyaya ɗaki, wanda kake hayar wuri a ciki kana isa gare shi ta intanet. Gini kuwa yana iya cin wuta. A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar adana bayanai ta kamfanin OVHcloud da ke Strasbourg a Faransa. Ginin da ake kira SBG2 ya ƙone ƙurmus, wani ɓangare na SBG1 ma ya taɓu, miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke. Mai kamfanin, Octave Klaba, ya shawarci abokan hulɗarsa da su fara aiki da shirinsu na farfaɗowa bayan bala'i. Nan fa ido ya raina fata, don da yawa ba su da shirin. Wasu ma sun biya kuɗin ajiyar ko-ta-kwana, amma ashe kwafin nasu yana wuri guda da asalin, wuta ta haɗa ta cinye. A 2023 kotun kasuwanci ta Lille ta umarci kamfanin ya biya wasu daga cikinsu diyya, sai dai diyya ba ta dawo da fayil ko ɗaya ba.

Wani zai ce ai wannan gobara ce, manyan kamfanonin Amurka suna ajiye kwafi a wurare da yawa. Gaskiya ne, amma a duba abin da ya sami UniSuper, asusun fansho na ma'aikatan jami'o'in Ostireliya mai mambobi fiye da 600,000. A watan Mayun 2024 tsarin Google Cloud ya goge musu rukunin kwamfutocinsu baki ɗaya, saboda wani gurbi da aka bari babu komai lokacin da ake shirya musu wurin. Suna da kwafi a wurare biyu, amma gogewar ta bi dukkansu, tunda duk a ƙarƙashin rajista ɗaya suke. Kusan mako biyu mambobi ba su iya duba asusunsu ba. Cikin abubuwan da suka cece su har da kwafin da suka ajiye a wajen wani kamfani daban. A ƙasar Koriya ta Kudu kuma, gobarar batir da ta tashi a cibiyar bayanan gwamnati da ke Daejeon ranar 26 ga Satumban 2025 ta tsayar da ɗaruruwan hidimomin hukuma, ta kuma lalata wata ma'ajiyar fayilolin ma'aikata mai terabayit 858 da ba a taɓa yi wa kwafi ba, wai don ta yi girma da yawa.

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na Maersk, kamfanin jiragen ruwan dakon kaya na ƙasar Denmak. A watan Yunin 2017 muguwar manhajar nan NotPetya ta shafe kwamfutocinsa a faɗin duniya. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito a 2018, sabobin da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izinin shiga suna kwafar juna ne, don haka suka mutu tare, in ban da guda ɗaya a ofishin kamfanin da ke Gana, wadda ɗauke wuta ta raba da intanet kafin annobar ta iso. Aka ɗauko faifanta zuwa Nijeriya, daga nan wani ma'aikaci ya wuce da shi Ingila. Shugaban kamfanin ya bayyana daga baya cewa sun sake girka sabobi 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana goma, hasarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Ɗauke wutar da muke kuka da ita kullum ita ta taimake su, amma ba wanda zai gina lissafin ma'aikatarsa a kan irin wannan dace.

Darasin da ke cikin waɗannan labarai ɗaya ne: na'urori biyu masu kwafar juna nan take suna kare ka daga mutuwar na'ura, amma ba sa kare ka daga kuskure ko mugunta, domin abin da aka goge a nan, za a goge a can. Haka zalika, hoton wucin-gadi da manhajar ke ɗauka na kwamfutar cikin kwamfuta kafin a yi mata gyara yana zaune ne a kan faifan da asalin yake, kuma da shi ya dogara. Yana da amfani idan gyara ya ɓaci, amma ranar da faifan ya tafi, tare za su tafi. Na sha ganin ofisoshin da suka tara irin waɗannan hotuna suna ganin sun yi ajiya.

To mene ne abin yi? Akwai tsohuwar ƙa'ida da ake kira 3-2-1: kwafi uku na bayanan, a kan nau'in ma'ajiya biyu daban, ɗaya kuma a wani wuri mai nisa. Saboda masu garkuwa da bayanai sun koyi fara neman ajiyar su lalata ta kafin su kulle asalin, yanzu an ƙara sharaɗi: a samu kwafi ɗaya da ba ya goguwa har sai wa'adin da aka ɗibar masa ya cika, ko wanda aka cire daga waya gaba ɗaya, kuma kalmar sirrinsa ta bambanta da ta sauran na'urorin ofis. A nan ne gajimare ke da amfani na gaske, domin yana ba ƙaramar ma'aikata damar samun wannan wuri mai nisa ba tare da ta gina cibiya ta biyu ba.

Nisan kuwa a auna shi da bala'in da ake tsoro. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, har da asibitoci da kasuwanni da ofisoshi. Wanda ya ajiye kwafinsa a reshen da ke unguwar gaba, ruwa ɗaya ne ya ci su. Kwafin nesa a wani gari ya kamata ya kasance.

Bayan haka akwai tambayoyi biyu da shugaban ma'aikata ne ya kamata ya amsa su, ba yaron da ke kula da kwamfuta ba. Ta farko: aikin awa nawa za mu iya jure asararsa? Idan sau ɗaya ake kwafa a dare, to ana iya rasa aikin yini guda cur. Makarantar sakandare za ta iya jurewa, bankin da ke karɓar kuɗi kowane minti ba zai iya ba. Ta biyu: awa nawa za mu iya zama ba mu aiki? Amsar waɗannan ita ke nuna abin da za a kashe. Mai iya jiran kwana biyu, ajiya kawai ta ishe shi. Wanda ba zai iya jiran awa ɗaya ba, dole ya biya a riƙa tura kwafin kwamfutocinsa zuwa wata cibiya a kai a kai, suna zaune a shirye, a tayar da su da zarar ta farko ta faɗi.

A nan ne yanayinmu ke shigowa, kuma masu tallar kayan ba su cika faɗa ba. Tura bayanai sama abu ne mai sauƙi, tunda bayan kwafin farko abin da ya sauya kawai ake turawa. Sauko da su ne aiki. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: terabayit biyu a kan layin intanet mai gudun megabit 20 a daƙiƙa zai ɗauki fiye da kwana tara, ko da layin bai yanke ko sau ɗaya ba. Ga kuma kuɗin fitar da bayanai da wasu kamfanonin ke caja, da dala, alhali kowa ya san yadda naira ta faɗi tun daga tsakiyar 2023. Sannan layin kansa yana iya tafiya: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni a Nijeriya suka shiga tasku. Saboda haka kwafin cikin gida yana nan da muhimmancinsa, don shi ake fara komawa gare shi. Na gajimare na ranar da gidan kansa ya tafi ne. Yana kuma da kyau a duba cibiyoyin da ke cikin ƙasa, na 'yan kasuwa a Legas da na Galaxy Backbone a Abuja da Kano, musamman tunda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙetare. A kowane hali, a kulle bayanan da mabuɗin sirri kafin su bar ofis, a kuma adana mabuɗin a wurin da gobarar ba za ta kai ba, don kwafin da aka rasa mabuɗinsa daidai yake da babu.

Abu na ƙarshe, kuma mafi wuyar samu a wajenmu, shi ne gwaji. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Aƙalla sau ɗaya a kowane wata uku, a zaɓi kwamfuta ɗaya daga cikin ajiyar, a tayar da ita a keɓe, akanta ko ma'aikacin rajista ya shiga ya tabbatar lissafin jiya yana nan, a rubuta tsawon lokacin da aka ɗauka. A kuma buga shirin farfaɗowar a takarda: wa za a kira, wace na'ura ce za a fara tayarwa, ina kalmomin sirri suke, wa zai yi wa jama'a bayani. Kada ya zama mutum ɗaya ne ya san komai, domin shi ma yana iya tafiya hutu ko ya bar aiki.

Ƙungiyar da na ba da labarinta yanzu tana da kwafi a ofis, da wani a gajimare, kuma sakatarensu yana karɓar saƙo kowace safiya cewa ajiyar daren jiya ta kammala. Abin da suke biya a wata bai kai kuɗin man janareta na mako guda ba. Ina kira ga shugabannin asibitoci da makarantu da hukumomi, a taronku na gaba ku yi wa mai kula da kwamfutocinku tambaya ɗaya: yaushe ne rabon da a dawo da wani abu daga ajiyar nan a gani da ido? Idan ya fara kame-kame, to a sa ranar gwaji kafin a tashi daga taron. Allah Ya kare mu daga asara.